In Ruwa Ya Ci Gari: Yadda Za a Tsare Ƙaramin Yaro

 

Maganarmu ta yau a kan ambaliya ce, watau ruwan da ya kan cika kogi ya tumbatsa ya shigo gari, ko kuwa ruwan sama mai yawa wanda ya kan kwana yana zuba har ya jiƙa ginin ƙasa ya kayar da shi. Ba wanda ya isa ya hana ruwa zuwa. Amma abin da zai sami ɗan yaron da ke cikin gida, yawancinsa a hannun uwa da uba ya ke.

Wannan masifa ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. A 1988 madatsar ruwa ta Bagauda a ƙasar Kano ta fashe. A 2012 kogin Binuwai da na Kwara suka yi cikar da aka daɗe ba a ga irinta ba. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, Jigawa kuwa tana cikin inda abin ya fi tsanani. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. To, ga abin da mu ke so ku lura da shi. Ruwan Maiduguri ya janye, amma cikin watan Oktoba sai gwamnatin Borno ta ba da sanarwa cewa cutar amai da gudawa ta ɓarke. Daren da ruwa ya zo shi kowa ya ke tsoro, alhali makonnin da ke biye da shi su ma su kan ɗauki yara ƙanana, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an ji wata ƙara ba.

Bari mu fara da shiri. Tun kafin damina ta kankama, maigida ya zagaya ya duba gindin bango, ya yi yaɓe inda ya zaizaye, ya share indararo da magudanar ruwa ta ƙofar gida. Uwargida kuma ta sami leda mai kauri ta zuba katin allurar rigakafi na yaro, da 'yan tufafinsa busassu, da zane ɗaya, da ashana, da ƙullin garin gishiri da sukari irin wanda a ke bayarwa a ɗakin magani. A ɗaure a rataye a sama kusa da ƙofa, tare da gidan sauro da tocila. Ku kuma shirya tun yanzu tudun da za a nufa, da wanda zai ɗauki kowane yaro. A gidan da ke da mata biyu ko uku, da kaka, da 'yan mata, a nan ne a kan fi manta yaro, don kowa yana zaton yana hannun wani. In an faɗa a rediyo cewa za a saki ruwan madatsa, ko mai unguwa ya sa an yi shela, a tashi da yara tun da rana. Hatsi da awaki maza su ji da su.

In ruwan sama ya yi yawa da dare, kada kowa ya yi barci. Bangon ƙasa daga ƙasa ya ke shan ruwa, kuma ya kan ba da alama kafin ya faɗi: tsaga ta bayyana, ko ƙasa ta riƙa zubowa daga rufi, ko azara ta yi ƙara, ko ƙofa ta ƙi rufuwa. Da ganin ɗaya daga cikin waɗannan, a fitar da yara. Gara su jiƙe a waje. Kada kuma a shimfiɗa wa yaro jikin bango cikin irin wannan dare.

Ga wata magana ga mata musamman. Goyo a baya abu ne mai kyau, amma ba cikin ruwa ba. Uwa tana tafe, ruwa ya kai mata ƙugu, ita tana ganin da sauran dama, ba ta sani ba kan jaririn ya langaɓe baya, ruwa yana taɓa hancinsa. A juyo shi gaba, a ɗaure shi sama a ƙirji inda za a riƙa ganin fuskarsa. Yaron da ya fara tafiya a ɗauke shi, kada a ja shi a hannu. Ruwa mai gudu wanda bai wuce idon sawu da yawa ba ya isa ya kayar da babban mutum, balle ɗan shekara uku. A riƙe sanda ana taɓa ƙasa, gama rami da rijiya duk ruwa ya rufe su. Kada a kusanci wayar lantarki da ta faɗi, kada kuma a shiga kwalekwalen da aka cika maƙil.

To, an kai tudu, ko makaranta, ko gidan 'yan'uwa. Abu na fari, a tuɓe wa yaro jiƙaƙƙun kaya, a goge shi, a sa shi jikin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su tare, a rufe masa kai. Jariri ya kan yi sanyi da sauri ƙwarai. In an hura gawayi don ɗumi, kada a rufe ɗaki da shi, gama iskarsa tana kisa ba tare da an ji wari ba. A kakkaɓe tabarma da zane kafin a kwantar da yaro, don maciji da kunama su ma tudu su ke nema.

Yanzu mun zo kan babbar magana, watau ruwan sha. Sa'ad da ruwa ya malale gari, ya kan shiga masai ya kwaso abin da ke ciki, ya bi ta turken dabbobi da juji, sa'an nan ya gangara cikin rijiya. Bayan kwana biyu rijiyar ta kwanta, ruwanta ya yi garau, mutane su ce ai ta gyaru. Ba ta gyaru ba. Ƙwayoyin cutar da ke kawo gudawa ido ba ya ganinsu. Duk ruwan da yaro zai sha, a bar shi ya kwanta, a tace da tsumma mai tsabta, a dafa shi har ya tafasa sosai ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Mun san itace jiƙaƙƙe ne a irin wannan lokaci. In itacen bai isa a dafa wa kowa ba, a dafa na yara. In ma'aikatan lafiya sun raba ƙwayar kulorin, a tambaye su yawan ruwan da ƙwaya ɗaya za ta ɗauka, a jefa, a jira minti 30 kafin a sha. Alimun yana kwantar da laka ne kaɗai, ba ya kashe cuta. Randa ta zama da murfi, da moɗa ɗaya mai tsabta, kada yara su riƙa tsoma hannu.

Kashin yaro a kwashe a binne nesa da ruwa. Waɗansu su kan ce kashin jariri ba ƙazanta ba ne. Wannan kuskure ne, yana ɗauke da cuta kamar na babba. A wanke hannu da sabulu bayan an yi wa yaro tsarki, da kuma kafin a ba shi abinci. In babu sabulu, toka ta fi babu.

Jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwarsa ya ishe shi ci da sha, kada a ba shi ruwa ko kaɗan. A kan ji tsofaffi suna cewa firgita tana ɓata nono, ko tana ƙafar da shi. Nono ba ya ɓaci don tsoro. Ya kan yi jinkirin saukowa na ɗan lokaci, maganinsa kuwa a yawaita sa yaro a mama, uwa ta sami abinci da ruwa da wurin zama. Maigida, in abinci ya yi ƙaranci, mai shayarwa ce ta fari. In an kawo madarar gari cikin kayan agaji, kada a dama wa jariri mai shan nono, gama ruwan damawa da kwalbar shayarwa su ne hanyar gudawa. A zuba wa uwar cikin kunu ta sha.

In gudawa ta kama yaro, abin da ke kashe shi ƙarewar ruwan jiki ne. Kada a jira. A dama garin nan na ɗakin magani cikin dafaffen ruwa, gwargwadon yadda aka rubuta a jikin takardarsa. In babu, a sami lita ɗaya ta dafaffen ruwa, a zuba sukari ƙaramin cokalin shayi shida, da gishiri rabin cokali, a shafe bakin cokalin kada a yi tozo. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. In ba ku san lita ba, ku zo da kwanonku ɗakin magani a auna muku a yi alama. Duk sa'ad da yaro ya yi zawo, wanda bai kai shekara biyu ba a ba shi rubu'in kofi zuwa rabi, da cokali, kaɗan kaɗan. Wanda ya wuce haka a ba shi rabin kofi zuwa kofi guda. In ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana a zubar a dama sabo. Kada a hana shi nono, kada a hana shi abinci. A kuma karɓo ƙwayar zinki, ana ba da ita kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya.

Amma akwai alamun da in an gan su, sai a ɗauki yaro a nufi ɗakin magani ko da tsakar dare ne, ana ba shi ruwan nan a hanya. In idonsa ya zurma, ko maɗigarsa ta faɗa, ko an ja fatar cikinsa ta yi jinkirin komawa. In ya kasa shan nono, ko komi ya sha sai ya amayar, ko ya yi laƙwas ba ya farkawa sosai. In akwai jini cikin kashi, ko zawon ya zama fari tsululu kamar ruwan wankin shinkafa. Wannan na ƙarshe alamar kwalara ce, tana iya kashe yaro cikin yini ɗaya, kuma lalle a sanar da ma'aikatan lafiya don sauran jama'a. Maɗigar da ta faɗa ba a ɗaga ta da shafe-shafe ko tsafi, ruwa ne ya ƙare a jiki.

Bayan ruwa sai sauro, gama kowane kududdufi gidansa ne. A kafa gidan sauro ko a ƙarƙashin itace a ke kwana. In jikin yaro ya yi zafi, a kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a bari ya kwana biyu. Maganin rigakafin zazzaɓi da a ke bi gida gida ana ba yara kowane wata da damina, in ƙaura ta sa ya wuce ku, ku nemi ma'aikatan. Yaron da ke tari, yana numfashi da sauri, haƙarƙarinsa yana shiga ciki, ciwon huhu ne, ba mura ba. Inda kuma mutane suka taru da yawa wuri ɗaya, ƙyanda ta kan yaɗu kamar wutar daji. Ku nuna katin nan da kuka adana a leda, duk yaron da ya kai wata tara ba a yi masa allurar ƙyanda ba, a yi masa.

Saura abu ɗaya da ba a faye kula da shi ba. Yaron da ya ga ɗakinsu ya rushe ya kan koma fitsarin kwance, ko ya manne wa uwarsa, ko ya firgita da jin tsawa. Kada a buge shi, kada a yi masa dariya. A faɗa masa gaskiya a taƙaice: ruwa ya zo, mun fito, muna tare. A bar shi ya yi wasa da 'yan'uwansa, a riƙa ba shi abinci da kwantar da shi a lokacin da ya saba. Yawanci abin ya kan wuce cikin 'yan makonni.

Sa'ad da za a koma gida, manya su fara zuwa. A duba bango, a kwashe laka, a shanya kaya a rana, a cike ramukan da ruwa ya kwanta, gama ɗan yaro ya kan nutse ko a cikin bokiti. Rijiya kuwa sai an yashe ta, ma'aikatan tsabta sun zuba mata magani, kafin nan a ci gaba da dafa ruwa.

Wanda bai gane awon gishiri da sukari ba, ya tambayi malamin ɗakin magani kafin ya tafi gida yau, ya gwada a gabansa. Sai mun sake saduwa mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.