Kafin a Kai Yaro Gaban Alƙali



Maganata yau a kan yaron da ya yi laifin farko ce, ɗan shekara 14 da ya zare waya a kasuwa, ko ya fasa gilashin mota a rikicin unguwa. Kun san yadda take kayawa. Daga caji ofis sai kotu, a ɗage zama, a tura shi jiran shari'a. Gidajen horon yara na tarayya da muka sani uku ne, a Kaduna da Ilorin da Abeokuta, don haka sau da yawa cikin manyan masu laifi yake kwana. Duk mun ga yaran da suka yanke jiki suka faɗi a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja a Nuwamban 2024, bayan watanni a tsare.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan fitowa. Hukuncin ya shiga takarda. Ranar da zai nemi aikin soja ko biza za a tambaye shi ko an taɓa ɗaure shi. Ranar da zai nemi aure, masu bincike za su jiyo a unguwa. Wayar da ya ɗauka yana yaro za ta bi shi har furfura.

Alhali doka ta buɗe wata ƙofa. Sashe na 209 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya ba ɗan sanda da mai gabatar da ƙara ikon kashe maganar ba tare da shari'a ba, idan laifin ba babba ba ne, ta hanyar sa ido, da nasiha, da mayar da kaya, da biyan diyya. Dokar tarayya ce, sai jiha ta yi tata kafin ta hau kanta, amma hanyar a shimfiɗe take.

Afirka ta Kudu ta bi ta da gaske. Dokarsu ta shari'ar yara ta 2008, wadda ta fara aiki a Afrilun 2010, ta ce sai jami'in walwala ya binciki halin yaro da gidansu tukuna. Idan ya amsa laifinsa don kansa, ana iya ɗora masa sharuɗɗa: komawa makaranta, aikin al'umma, neman gafarar wanda ya cuta. In ya cika, ba a rubuta masa ɗauri. In ya saɓa, kotu na nan.

Na san wani zai ce wannan shagwaɓa ɓarayi ne. Ina girmama wannan damuwa, domin mai waya ma da guminsa ya saya. To amma me ɗaurin yaron ya mayar masa? A zaman sulhu kuwa, ga uba, ga mai unguwa, ga liman, yaro zai dubi idon wanda ya zalunta, ya biya. Mu da muka gaji sulhu kaka da kakanni bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Sharaɗi ɗaya nake gindayawa: a rubuta shi, a sa masa ido, kada ya koma cinikin bayan kanta inda ɗan mai kuɗi ke tafiya gida, ɗan talaka ya wuce kotu.

Ɗalibaina, gobe ku ne lauyoyi da majistare. Duk ranar da aka kawo muku fayil ɗin yaro, ku fara tambaya ko an gwada sulhu kafin a shigar da ƙara.