Taliyar Gida: Yadda Ake Naɗa Ta A Gasa

 

Yau zancen abinci ya tara mu. Kowa a nan ya san taliya. Yara suna son ta ƙwarai, manya ma ba su ƙi ba. Amma fa galibi sayenta muke yi a leda daga kanti, a tafasa, a zuba mai da yaji, shi ke nan. Kuɗi ya tafi, yaro kuwa ya cika ciki amma bai sami abin da zai gina masa jiki sosai ba. To, muna so mu nuna muku wata hanya. Za mu murza taliyarmu da hannunmu, mu sa mata haɗi a ciki, mu naɗe, mu gasa a tukunya da garwashi. Ba a bukatar lantarki, ba a bukatar gas.

Alkama ba baƙuwa ba ce

Kada wani ya ce wannan abincin Turawa ne, ba ruwanmu da shi. Kakanninmu sun san alkama tun da daɗewa. Sunan ma daga Larabci ya zo, haka kuma alkaki da gurasa. Fatake da Larabawan Tarabulus da Gadamas sun daɗe suna ratsa hamada zuwa Katsina da Kano, suna kawo hajja, suna kawo irin girkinsu. Ƙasarmu kuwa tana kan hanya. A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya tashi daga Katsina zuwa Kano, ta Kusada ya bi. Ashe tun da can muna bakin hanyar duniya.

Da alkama matanmu suke yin alkaki da funkaso da taliya 'yar murji, wadda ake shanyawa a kan igiya. Wanda ya iya waɗannan, abin da za mu koya yau ba zai gagare shi ba.

Mutanen Italiya su ne suka fi kowa suna wajen taliya. Ba mai tsawo kaɗai suke yi ba. Suna da wata mai faɗi kamar tafin hannu, sukan sa mata nama, ko cuku da ganye, su naɗe, su zuba miyar tumatir, su gasa. Suna kiranta kaneloni. In kuwa jera ta aka yi hawa-hawa, taliya, miya, taliya, miya, sunanta lazanya. Duk abin da suke sa wa muna da irinsa a nan.

Me ya sa za mu yi da kanmu?

Dalili na fari shi ne kuɗi. Ku sani, fiye da kashi 9 cikin 10 na alkamar da ake ci a Nijeriya daga ƙasashen waje ake sayo ta. Saboda haka in abu ya faru can nesa, mu ne za mu ji a aljihu. A shekarar 1987 gwamnati ta hana shigo da alkama, burodi ya yi tsada, sai a 1992 aka ɗage hanin. A 2022 yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Yukiren, manyan ƙasashen alkama, nan da nan fulawa da taliya suka hau. Alhali kuwa alkama tana yi a ƙasarmu. Ana nomanta da rani a Kadawa da Kura da ruwan madatsar Tiga, ana yi a Haɗeja da Bakolori. Sanyin hunturu take so. Akan shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, a yi ta ban ruwa, a girbe wajen watan Maris. Mai fadama da rijiya yana iya gwada ko da ɗan fegi ne.

Dalili na biyu shi ne lafiyar yara. Taliya zalla ƙarfi take bayarwa, kamar tuwo. Abin da ke gina jiki shi ne wake, da nama, da kifi, da ƙwai. Abin da ke tsare jiki daga cuta kuwa shi ne ganye, kamar zogale da alayyafo. Yaron da ke ture miyar ganye, in aka naɗe masa ganyen cikin taliya, cinyewa zai yi har ya nemi ƙari.

Kayan aiki

Ga abin da zai ishi mutum 6. Da gwangwanin madara za mu auna, gama kowane gida akwai shi. Ku rubuta a littattafanku.

Garin alkama, gwangwani 4.
Ƙwai 2.
Ruwa, rabin gwangwani da ɗan ɗori.
Gishiri, ƙaramin cokali 1.
Nama marar ƙashi, kashi 1 madaidaici, ko dafaffen wake gwangwani 3.
Zogale ko alayyafo, ɗauri 2.
Tumatir 8, tattasai 3, attaruhu 2, albasa 2.
Man gyaɗa, ludayi 1.

Sa'an nan a nemi kwalba mai santsi, da babban faranti, da wuƙa, da ƙyalle mai tsabta, da tukunyar ƙarfe mai faɗi wadda murfinta ma na ƙarfe ne.

Kafin a taɓa kome, a wanke hannu da sabulu. A wanke kwalbar da farantin, a bari su bushe.

Kwaɓi

A surfa alkama, a wanke, a shanya, a kai inji. In an dawo a tankaɗe da rariya mai laushi. Wanda ba shi da alkama ya yi da fulawa. Amma garin dawa ko na gero ba zai yi ba, domin ba shi da danƙo. Danƙon nan na alkama shi ne ke sa kwaɓi ya miƙe bai tsinke ba.

A zuba garin a kwano, a sa gishiri. A yi rami a tsakiya, a fasa ƙwai a ciki. A riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan ana haɗawa. In babu ƙwai, a yi da ruwa gwangwani 1 da ɗan ɗori. Kwaɓin da tauri ake so, ba ruwa-ruwa irin na funkaso ba. A cuɗa shi da gindin tafin hannu har minti 10, sai ya yi sumul ya daina kama hannu.

Daga nan a rufe shi da kwano, a ba shi rabin sa'a. Kada a yi gaggawa a nan. Kwaɓin da bai huta ba, kina murza shi yana komawa, sai ya gajiyar da ke a banza.

Haɗin ciki da miya

Kafin kwaɓi ya huta, ga aiki. A dafa nama da albasa da gishiri har ya yi laushi, a daka shi a turmi kamar za a yi dambu. A ajiye romon, yana da amfani. A wanke ganye sarai, a yanka, a ɗan tafasa, a matse ruwan. Zogale ya fi alayyafo son wuta. A soya albasa 1 cikin mai kaɗan, a zuba naman da ganyen, a sa yaji da gishiri, a juya, a sauke.

Ranar da babu nama, kada a fasa. A dafa wake ya yi luguf, a dama shi da ganye da albasa. Busasshen kifi ma yana yi, in an cire ƙayar sarai saboda yara. Awara ma tana yi, in an murmushe ta. Abu biyu kawai za a kiyaye. Haɗin ya zama dafaffe tun kafin a naɗe shi, kuma kada ya yi ruwa.

Miya kuwa irin wadda kuka saba ce. A markaɗa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, a soya da sauran man har tsamin ya fita. A tsinka ta da romo ko ruwa, ta yi ɗan ruwa-ruwa, gama taliya za ta sha.

Murji da naɗi

A raba kwaɓi kashi 6. A ɗauki 1, sauran a bar su a rufe don kada iska ta busar da su. A barbaɗa gari a bayan faranti, a murza da kwalba, ana juyawa, har ya yi falan-falan, in an ɗaga a ga inuwar yatsu ta bayansa. Mai injin taliya aikinta ya yi sauƙi. Ta bi da shi ta wajen da ke shimfiɗa kwaɓi, kada ta sa a wajen da ke yankawa. A yanka murabba'i-murabba'i, kowane kamar faɗin tafin hannu. Za a sami kamar guda 30.

A tafasa ruwa mai yawa da gishiri. A riƙa jefa guda 5 ko 6, a ba su minti 2, a tsame, a tsoma cikin ruwan sanyi mai tsabta, a shimfiɗa bisa ƙyalle. In an jefa su duka gaba ɗaya mannewa za su yi.

To, sai naɗi. A ɗebi haɗi cokali 1 babba, a sa a gefe guda, a naɗe kamar tabarma. Kada a cika shi da yawa, ya fashe. Wannan aikin yara ma suna iya taimakawa, in sun wanke hannu.

Gashi

A shafa mai a gindin tukunya, a zuba miya ludayi 2. A jera naɗin, bakin yana ƙasa don kada ya warware. In wuri bai isa ba, a zuba miya a kan jerin fari, a yi na biyu. A juye sauran miyar a bisa ta rufe ko'ina, domin duk inda miya ba ta kai ba bushewa zai yi kamar ƙanzo.

A rufe tukunya. A sa garwashi kaɗan a ƙarƙashi, a sa mai yawa bisa murfi. Ku riƙe wannan da kyau: wutar sama ta fi ta ƙasa. Mu kanmu ranar da muka fara gwadawa mun cika wuta a ƙasa, gindin ya ƙone ƙurmus, saman kuwa ko ɗumi bai yi ba, har kaji suka yi buki. Da koyo akan iya.

Bayan minti 25 a kawar da garwashin murfi, a share tokar, a ɗaga da tsumma a duba. In miya tana ɓararraka a gefe, saman ya ɗan yi ja, ta yi. In ba ta yi ba, a mayar a ƙara minti 5. A sauke, a bari ta huce minti 10 kafin a raba. Masu gasa kek cikin yashi a babbar tukunya suna iya yi ta wannan hanya, su jera naɗin a kwanon ƙarfe.

Gargaɗi uku

Na fari, a yi gashin a tsakar gida ko inda iska ke shiga. Kada sanyin hunturu ya sa a shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa. Gawayi yana fid da wata iska mai guba, ba a ganinta, ba a jin warinta, takan kashe mutane cikin barci.

Na biyu, abincin nan akwai nama da ƙwai, ba ya jure zafin ƙasarmu. A ci shi da ɗuminsa. Kada ya wuce sa'a 2 a ajiye. In ya ragu, a ɗumama shi har ya yi tururi ciki da waje kafin a ba kowa. Wanda ya kwana ba cikin firji ba, kada a ba yaro. Asarar kwano guda ta fi jinyar gudawa sauƙi. Rigakafi ya fi magani.

Na uku, a kawar da ƙananan yara daga wurin garwashi da tafasasshen ruwa.

Ku kuma maza, kada ku ce wannan zancen mata ne. Ku ne masu cefane. In kun tafi kasuwar Kankiya ko ta Kusada, ku tambayi kuɗin mudun alkama, ku tambayi na ledar taliya, ku rubuta, ku zo mu yi lissafi tare a kan allo. Mudu guda zai yi irin wannan girki fiye da sau 2. Mace mai sana'a kuma tana iya gwadawa ranar suna ko buki, ta ga ko za ta sami masu saye.

Muna roƙon kowane gida ya gwada sau ɗaya kafin mako mai zuwa. Wadda tata ta yi kyau ta zo ta gaya mana. Wadda tata ta ƙone ma ta zo, kada ta ji kunya, mu duba inda aka kuskure. Gani ya kori ji.

Allah ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci, amin. Wassalam.

Tambayoyi

1. Me ya sa garin dawa ba zai yi taliya ba?
2. Minti nawa kwaɓi zai huta?
3. Ina ake sa garwashi mai yawa, sama ko ƙasa?
4. In gwangwani 4 ya ishi mutum 6, gwangwani nawa zai ishi mutum 12?