Wa Ya Kashe Kifin Kandami?



Zan fara da abin da ya auku a garinmu, Dandamisa, cikin Ƙaramar Hukumar Makarfi. Wani kawuna ya haƙa kandami a gefen fadamarsa ta rake, ya zuba karfasa da tarwaɗa. Wata safiya, kashegarin ruwan farko na damina, sai ya tarar da kifi birjik a bisa ruwa, ciki sama. Kafin hantsi har ya yanke hukunci, wai maƙwabcinsa ne ya zuba guba. Magana ta kai gaban mai unguwa, zumuncin shekaru ya nemi wargajewa.

Zargin nasa yana da tushe. Kowa ya san yadda wasu masunta suka daɗe suna kashe kifi da Gamalin 20, maganin ƙwarin da Yarjejeniyar Stockholm ta hana amfani da sinadarinsa a aikin gona a 2009. To, amma gawar kifi shaida ce, kuma ba a tsaya an saurare ta ba.

Tambaya ta farko ita ce, yaushe suka mutu? Gansakukar da ke cikin ruwa tana samar da iskar oksijin da rana, da dare kuwa ita ma shaƙa take yi. Saboda haka gab da asuba ne iskar ta fi ƙaranci. Ga shi ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai: lita guda a zafin digiri 20 tana ɗaukar miligiram 9, a digiri 30 kuwa kamar 7.5 ne. Ruwan teku ma bai kai haka ba, abin da ya sa masu kiwon kifin ruwan gishiri a akwatin gilashi kan yi asara cikin dare guda idan injin hura iska ya tsaya. Sa'an nan ruwan farko yakan kwaso taki da shara ya zuba a kandami, ya tayar da ruɓaɓɓen taɓon ƙasa, duk su cinye ɗan abin da ya rage.

Ta biyu, wa ya fara mutuwa? Idan iska ce ta yanke, manyan kifaye ne kan riga faɗuwa, a ga saura sun taru a sama suna hamma. Guba kuwa ba ruwanta da lokaci. Ƙanana takan fara kashewa, a gan su suna juyi kamar masu farfaɗiya, kuma sau da yawa takan haɗa da ƙwarin ruwa da 'ya'yan kwaɗi.

A nan tarwaɗa take zama alƙali. Allah ya yi mata wata gaɓa a cikin kanta wadda take shaƙar iskar sarari da ita, karfasa kuwa ba ta da wannan gata. A kandamin kawuna, manyan karfasa ne suka mutu, tarwaɗa na nan tana wutsil-wutsil, kwaɗi na ta kukansu. Maƙwabci dai bai ci nanin ba.

Ku da za ku zama jami'an gona, in aka kira ku irin wannan wuri, ku ɗebi ruwan nan take cikin kwalba mai tsabta don awo, ku sa a fitar da matattun, a ƙara sabon ruwa, a dakatar da ba da abinci. Abin da ya fi damuna shi ne banda: kifin da ba a san abin da ya kashe shi ba, kada ku yarda a ƙyafe shi a kai kasuwar Makarfi.