BATUN MOTAR ƘUNGIYA: MI YA SA TAKE TAFASA?

Jawabin da mushen lakwal, magatakardan ƙungiya, ya yi ga taron bayan girbi. Mun buga shi don ƴan uwa da ba su samu halarta ba.

Maigari, ranka ya daɗe. Liman, Allah gafarta malam. Iyayena dattawa, iyayena mata, yayyena da ƙannena ƴan bida da kunka zo daga Kurmi, da Legas, da Agadas, da Libiya, barkanku da zuwa, barkanmu da ganin juna lahiya.

Ni yaro ne gabanku, kuma ni ba makaniki ba ne, alli ne sana'ata. Amma tunda ku kunka ba ni alƙalamin ƙungiya, tilas in faɗa muku inda kuɗinku sunka shiga, da inda munka yi kuskure. Wanda na saɓa ma cikin magana, shi yi mani gafara.

Kun san dalilin da ya sa munka sayi motar nan. Mun gaji da ɗaukar mai naƙuda bisa amalanke. Kunka yi karo-karo, wani da kuɗin dako, wani da kuɗin shayi da burodi, munka samo tsohuwar Peugeot 504 bashe. Ba mu yi zaɓen banza ba. Tun 1968 anka fara ƙera 504 a Faransa, bashenta ta hito a 1979, kuma masana'antar Peugeot da anka buɗe a Kaduna a 1975 ta haɗa irinta da yawa. Shi ya sa har yanzu ana samun kayanta a Maraɗi da Kano, kuma kowane tsohon makaniki ya san cikinta.

Da ta zo, munka sa mata taya huɗu, da batir, da birki, munka yi mata fenti da sabon tampol, munka rubuta sunan ƙungiya ga ƙofa. Duk abin da ido ke gani mun gyara. Abin da ido ba ya gani, wato hanyar ruwan inji, ba wanda ya tambaya.

Sai daren nan na watan Afrilu. Kun san zahin Afrilu a ƙasarmu, rana kan wuce digiri 40, da dare ma ƙasa ba ta hucewa. Anka tashe mu, wata ɗiyarmu naƙuda ta yi mata tsanani, sai an kai ta babbar likita ta Maraɗi. Ina cikin motar. Ba mu kai ga kwalta ba, cikin rairayi, tururi ya tashi gabanmu. Aparanti ya yi sauri ya buɗe bakin ruwa, ruwan zahi ya yi tsalle ya ƙone mishi hannu. Ni kuwa, ina jin kukan yarinya a baya, na ɗauki jarka na tuttula ma inji ruwan sanyi, ciki da waje. Daga nan mota ba ta sake tahiyar kirki ba. Amalanken wani bawan Allah ya kai ta bakin kwalta, wata mota ta ƙarasa da ita. Allah ya yi da sauran kwana, uwa da ɗa suna raye. Amma da an samu akasi, da mi za mu ce ma mijinta, wanda shi ma da kuɗinshi cikin motar?

Tun daga ranar magana ta yi yawa. Wasu sun ce an sayar muna da gawa. Wasu sun ce kwamiti ya ci kuɗi. Wasu ma sun ce sammu ne. Na kwana uku a garaji a Maraɗi ina kallon makaniki shina kwance ta, ga abin da na gani da idona.

Ku bari in yi muku bayani kamar yadda nike yi ma yaran aji. Inji wuta yake ci, kamar murhu. Don kada ƙarhe ya lalace, akwai ruwa da ke zagaya shi. Pampo ke tura ruwan, ya ɗauko zahi ya kai shi radiyato, wanda mutanen Najeriya ke ce ma lagireto. Nan ruwa ke bi ta ƴan siraran hanyoyi, iska ta hura shi ya huce, ya koma. Bantilato ke jawo iskar, kurwa kuma, wato igiyar roba, ita ke juya pampo da bantilato. In ɗaya ya ƙi aiki, sauran ba su isa ba.

Na ɗaya, da makaniki ya buɗe radiyato, fiye da rabin hanyoyin nan sun toshe. Farin abu ne mai tauri, irin wanda ke kama gindin butar shayi, gauraye da tsatsa da laka. Daga ina? Daga ruwan rijiya da na tabki da ake ɗura mata. Har garin taba munka tarar, wanda wani ya zuba tun da can don ya tsai da yoyo. Ya tsai da yoyo, ya kuma tsai da ruwa.

Na biyu, huskar radiyato ta waje ta cika da ƙaiƙayi da ƙarangiya da ƙura. Iska ba ta da wurin wucewa.

Na uku, murhin bakin ruwa, wato bushon, ya ɓace tun tuni, tsumma da leda anka cusa. Mun ɗauka murhi murhi ne. Ashe ba haka ba. Ruwa a buɗe shina tafasa a digiri 100. Bushon na gaskiya shina danne tururi, sai ruwa ya wuce 100 bai tafasa ba. Abu ne da bai kai kuɗin kaza ba, shi munka raina.

Na huɗu, kurwa ta saki, ta yi santsi. Bantilaton motarmu kuma irin wanda lantarki ke kamawa ne in inji ya yi zahi. Wayarshi ta tsinke. Kana ganin shina juyawa, amma lilo kawai yake yi, ba ya jawo iska.

Na biyar, nan ne laihina. Kan inji, wanda ake ce ma kulas, na alminiyom ne. Ya riga ya sha zahi, ni kuma na watsa mishi ruwan sanyi, ya karkace, jwan ɗin da ke tsakaninshi da gangar inji ya ƙone. Ruwa ya haɗu da baƙin mai, mai ya koma kamar kahi da madara. Wanga shi ne gyaran da ya hi cin kuɗi, kuma da hannuna na taimaka. Ina neman gafararku.

To, ga abin da anka yi. An kwance radiyato an soke hanyoyinshi ɗaya bayan ɗaya, an like inda ke yoyo. An kai kulas ga masu injin gyara an daidaita huskarshi, an sa sabon jwan, an sake mai. An sa sabon pampo, da kurwa, da bututan roba, da bushon. An gyara wayar bantilato. An kuma maida termosta, wata ƴar ƙofa da ke buɗe ma ruwa hanya in zahi ya kai wajen digiri 80. Da yawa kan cire ta su ce ƙasarmu ba ta da sanyi, amma cire ta ba ya maganin radiyato da ya toshe. Allurar da ke nuna zahi ita ma ta mutu tun kahin mu saye ta, yanzu tana aiki. Rasit na kowane abu yana hannun ma'aji, duk mai so ya zo ya duba. Bayan gyara mun je Tasawa da kaya mun dawo da tsakar rana, allura ba ta wuce tsakiya ba.

Iyayena, motar nan ba tsufa ya kada ta ba, ba kuma sammu. Sakacinmu ne. Kayan kowa ne, shi ya sa ba mai duba ta. Don haka kwamiti na roƙon taro ya yarda da abu shida.

Kowace sahiya, kahin a tada inji, direba ya duba ruwa da mai da kurwa.

Ba a sake ɗura mata ruwan tabki. A sa ruwan radiyato na kanti mai launi. In babu, a sa ruwan sama da anka tara cikin tsabtatar jarka.

Kowace Juma'a aparanti ya share huskar radiyato.

In allura ta hau, a tsaya, a kashe inji, a jira ya huce. Ba a buɗe bushon da zahi, ba a watsa ruwan sanyi, ko wa ke cikin motar. Jiran rabin awa ya hi kwana a daji.

A rage lodi. Ran kasuwa kowa na cewa buhu ɗaya ne kawai nashi. Lodi mai nauyi cikin rairayi da ƙaramin giya shi ne ke dafa inji. Direba yaronmu ne, kunya ba ta barin shi ya ce ma dattijo a'a. Maigari, ranka ya daɗe, wagga magana sai daga bakinka.

Na ƙarshe, a buɗe asusun gyara. Kowane buhu da ta ɗauka a ware dala ashirin, kowane ɗan bida ya sa jika ɗaya a shekara. Mara lahiya da mai naƙuda ba su biyan komi, don su munka saye ta.

Ƴan uwana na waje, na san yadda kuke samun kuɗin nan, na san ba a kwance kuke ba. Ba ni cewa ku ƙara don mun iya, ina cewa mun koya. Matanku da iyayenku na nan gida, kuma ciwo ba ya sallama kahin ya shigo.

Nan na tsaya. Allah ya ba mu lahiya da zaman lahiya, ya maida kowa wurin bidarshi lahiya.