Batirin Motar Da Ta Daɗe A Ajiye: Jawabi A Taron Ƙungiya

An ce in ɗan yi magana a kan sana'ata, wato sayar da batir da kayan mota. To, zan tsaya a kan abu ɗaya tak: yadda ake farfaɗo da batirin motar da ta daɗe ba a tayar da ita ba.

Mu mazauna Mubi ba baƙin wannan magana ba ne. A ƙarshen watan Oktoba na 2014, da 'yan Boko Haram suka shigo garin nan, jama'a suka watse, wasu suka yi Yola, wasu suka haura duwatsu zuwa Kamaru, aka bar motoci a gidaje. An ƙwato gari a watan Nuwamba, amma da yawa ba su dawo ba sai cikin 2015, Allah kada Ya maimaita mana. Wanda ya tarar da motarsa ya murɗa makulli, shiru kake ji. Haka kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, motoci nawa aka lulluɓe da tampol daga Sabon Layi zuwa Wuro Gude? Ga alhazanmu, su kan bar mota wata guda ko fiye.

Jama'a, batir ko ba a taɓa shi ba yana tsiyayewa. Agogon mota da rediyo da kwamfutar injin suna shan wuta kaɗan-kaɗan dare da rana, zafinmu na watan Maris da Afrilu kuma yana ƙara masa saurin zubewa. A cikinsa akwai ɗakuna 6, kowanne da farantan dalma a jiƙe cikin ruwan asid. Idan ya cika, mita za ta nuna bolt 12.6. Idan ya sauka ƙasa da 12, ya galabaita. In aka bar shi a haka watanni, wani farin gishiri ne ke bin farantan ya daskare, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, sai ya hana su karɓar wuta. Wannan gishirin shi ne ainihin ciwon.

Abin da muka saba yi shi ne a kira yaran unguwa su tura, ko a jona da wata mota, da ta tashi a ce shi ke nan, altaneta zai cika shi. Ba haka ba ne. An yi altaneta ne don ya mayar da ɗan abin da aka ci wajen tayarwa, ba don ya raya matacce ba. Ka ɗora masa wannan kaya sai ya yi zafi ya ƙone, ka koma sayen abu biyu. Mota mai giyar otomatik kuwa ba a tura ta sam.

Hanyar da ta dace ita ce a sauke batirin. A fara kwance baƙar waya, wadda ke kan alamar ragi, sannan ja. Wajen mayarwa, ja ake fara ɗaurawa. A duba jikinsa: in ya kumbura ko ya tsage, kada ma a wahalar da kai. Farin garin da ke kan kawunansa a wanke shi da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, amma kada ko ɗigo ya shiga ciki. In mai murfi ne, a buɗe a leƙa. Idan ruwa ya ja baya, tataccen ruwa na kwalba ake ƙarawa har ya rufe farantan, ba ruwan rijiya ba, ba na kogin Yedzaram ba. A nan ne nake roƙon 'yan'uwana masu cajin batir su ji tsoron Allah. Ƙara asid ba magani ba ne. Ruwa ne ke ƙafewa, asid yana nan. Ka ƙara masa, yau mota ta tashi da ƙarfi, mai ita ya biya yana murna, ba da jimawa ba farantai su zagwanye. Wannan algus ne, ko da wane suna aka kira shi.

Sai caji, kuma nan ne haƙuri yake. Ƙa'ida ita ce kashi ɗaya cikin 10 na ƙarfin batirin. Mai lamba 60 a ba shi amfiya 6, ya kwana ya wuni, wanda ya yi nisa ma har kwana biyu a kan wuta mai rauni. Na san halin wutar NEPA, na san mai janareto yana lissafin mansa, shi ya sa ake son cajin awa ɗaya. Amma sauri ya haifi nawa: cajin gaggawa tafasa ruwan yake yi, ya lanƙwasa farantai. Ka taɓa jikinsa, in ya yi zafi a sauke ya huce. A yi aikin a fili, murfi a kwance, ban da sigari ko ashana a kusa, domin iskar da ke fita tana kama wuta, batir ya kan fashe ya watsa wa mutum asid a ido.

In an sauke, a bar shi ya huta wasu awoyi kafin a auna. Ya tsaya a 12.5 ko sama, alhamdu lillahi. Ya koma wajen 10 da rabi, ɗaki ɗaya ya mutu, sai sabo. Bayan an ɗaura a tayar da mota, rewaya ya auna, ya kamata a ga kusan 14. Tsohon kuma a kai wa masu sayensa, kada a bar wa yara su fasa, dalma guba ce. Mun ji abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Wanda zai yi doguwar tafiya, Hajji ko fatauci, ya cire baƙar waya kafin ya tashi, ya ajiye motar a inuwa. In kuwa zai bar wa wani makulli, ya gaya masa tayarwar minti biyar a ƙofar gida ba ta ƙara komai, sai an fita da ita an yi tafiyar rabin awa kowane mako.

Mai tambaya ya same ni bayan an tashi.