Gasar Karatu: Wane Littafi Za Ka Ɗauka?



Masu sha'awar karatu kan sa wa junansu gasa. Kowane wata da sharaɗinsa, kai kuma ka nemo littafin da ya dace. To, wasu sai su lalubo mafi ƙanƙanta, don dai a ce sun cika sharaɗi. Ban yarda da wannan ba. An sa sharaɗin ne don ya raba ka da abin da ka saba.

Idan aka ce littafin da ya girme ka, kada ka koma wa Ruwan Bagaja, ka riga ka san shi. Ɗauki Ganɗoki na Bello Kagara, gasar rubutu ɗaya ce ta haifi littattafan biyu a 1933. Hausarsa za ta ɗan wahalar da kai. Daure ka kai ƙarshe.

Idan aka ce na marubuciya, ga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Maza, da ku nake, masu cewa littafin soyayya na mata ne.

Idan kuma aka ce labarin sararin samaniya, kada ka ce babu shi da Hausa. Nemi Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo.

Mu kwana nan. Ku huta lafiya.