In firinta ta ƙi jin kwamfuta

A shagunan buga takardu na Anka da Gummi da Bukkuyum a Zamfara, matashin da ya sa wa kwamfutarsa Linux ya yi dabara, domin kyauta ce. Damuwar tana zuwa ranar da ɗalibai suka yi layi don buga takardar JAMB: a jona firinta, fitila ta kama, takarda ko motsi.

Sau da yawa injin lafiyarsa lau. Tsohuwar HP LaserJet 1020 tana buƙatar wata 'yar manhaja da kwamfuta ke loda mata duk sanda aka kunna ta, kuma tun farko daga intanet ake sauko da ita. In sabis ya yi rauni, aikin ya tsaya a rabi. Ku tuna Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara.

Don haka ranar da sabis ya yi kyau, ku sauke HPLIP, wato manhajar firintocin HP ta Linux, da waccan 'yar manhajar, ku adana a filashi. Mai sayen sabuwar firinta kuwa ya nemi mai fasahar IPP Everywhere, wadda Ubuntu, wani nau'in Linux, ke ganewa da kanta tun 2017. Don Allah ku gwada ta a gaban mai sayarwa kafin ku biya.